Indararon da Ba a Taɓawa

A shekarar da aka yi ta shirin karɓar mulkin kai aka ɗauke ni daga Tambuwal, garin da aka haife ni, aka tura ni wani tsohon gari a ƙasar Kebbe in riƙe ɗakin shan magani. Ban daɗe da gama koyon aikin ba. Ina da mata da 'ya guda mai rarrafe. Babbar mota ta sauke mu a Kebbe ranar kasuwa, daga nan jakuna suka ƙarasa da kayanmu, ni kuma ina tura keke cikin rairayi ina sharce gumi, domin bazara ta kai bazara.

Maigari ya karɓe mu da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Dattijo ne mai fara'a, wanda daga baya na gane bai iya cewa a'a ba, bai kuma iya cewa i ba. Shi da kansa ya raka mu masauki. Ɗakin soro ne mai faɗi, da ɗan tsakar gida da aka kewaye da zana, da rumfar girki. Ɗakin manne yake da tsohon masallacin garin ta yamma, bango ɗaya ya raba su. Ya ce nan suke sauke baƙi tun kaka da kakanni, kuma wanda ya riƙe aikin kafin ni ma nan ya zauna. Ban tambayi abin da ya sa wancan ya nemi canjin wuri da ƙafarsa ba. Matata ta leƙa, ta ji sanyin ɗakin, ta ce ko gidan hakimi sai haka. A jikin bangon da muka haɗa da masallaci ta yi jerenta, tasoshi da kwanoni masu fure da farantan tangaran da gwaggonta ta ba ta.

Masallacin kuwa, ko ni da nake jin haushinsa har yau ba zan hana shi abin da Allah ya ba shi ba. Daga waje ba shi da wani kwarjini. Tulin jar ƙasa ne, kafaɗunsa sun dunƙule saboda yawan yaɓe, kamar tsohon da ya sa riga kan riga. Ƙofarsa gajera ce, sai ka sunkuya, kuma gangarawa ake yi a shiga, domin garin ya yi ta tashi a kan tokarsa da ɓaraguzansa, shi kuwa yana nan inda aka bar shi. Amma in ka shiga, idonka ya saba da duhu, sai ka ga ginshiƙai masu kauri, kowanne ya tashi ya tanƙwara ya haɗu da ɗan'uwansa a sama, abin da magina ke kira bakan gizo. Tsakaninsu an jera azara, tsagin giginya, an saƙa ta kamar tabarma, ta yi baƙi ƙirin don tsufa. Ba shi da doguwar hasumiya, sai matakalar ƙasa a kusurwar kudu wadda ladan ke hawa. Da tsakar rana, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, in ka shiga sai ka ji kamar ka sa kai cikin randa. Jemagu ma sun san haka.

Ruwan farko ne ya nuna mini maƙwabcin da aka haɗa ni da shi. Rufin masallacin ya fi na ɗakina tsawo, kuma duk ruwan da ya sauka a ɓangarensa na yamma indararo ɗaya ke kwashe shi, wani ƙaton guntun giginya da aka rarake. Bakin wannan indararo daidai kan rufina yake, a inda bangon masallaci ya haɗu da nawa. Ruwa ya zubo kamar ana juye tulu, ya taru a kusurwa, wani ya gangara tsakar gida ya tafi da itacen girki, wani ya tsaya yana neman hanya cikin bango. Kafin gero ya tsiro wata inuwa mai danshi ta bayyana a saman jeren matata, ɗakin ya fara warin rijiya.

Na fita na duba da kyau. Aikin bai fi na hantsi ɗaya ba. A toshe nan, a huda can, a mai da indararon ya kalli lungun arewa inda babu kowa sai awaki. Na ce wa matata ta kwantar da hankalinta, gobe za a gyara.

Liman na fara samu, bayan sallar azahar. Tsoho ne siriri mai sanyin murya, ina ba shi maganin ciwon gwiwa, don haka na ɗauka magana za ta zo da sauƙi. Na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni.

Ya ce, "Malam likita, zamna tukuna. Ka san wa yag gina masallacin ga?"

Na ce, "Allah shi gafarta malam, ban sani ba. Ni dai indararon ne..."

"To ka gani. Mutum shina kwana jikin abu bai san shi ba."

Ya gyara zama ya ba ni labari. Wai tun zamanin sarakunan Kabi na farko, tun ba a san za a yi jihadi ba, wani malami ya taso daga yamma, can bayan kogin Kwara, cikin ayarin fatake, zai tafi Makka. Da suka iso nan mahaifiyarsa da ke tare da shi ta kwanta ciwo, ayari ya wuce ya bar su. Ya zauna yana jinyarta, mutane suka fara zuwa ɗaukar karatu. Ta rasu, shi kuma bai sake tashi ba. Shi ya ja layin alƙibla da sandarsa, aka ɗora tubali a kai. Daga nan liman ya shiga jero limamai tun daga wannan malami har zuwa kansa, inda ya yi tuntuɓe sai ya koma farko. Labari ne mai daɗi, da rufina ba ya yoyo da na roƙe shi ya ƙara. Aka kira la'asar muna zaune.

Muna miƙewa na ce, "To malam, indararon fa?"

Ya ce, "Af, wannan ai ba hurumina ba ne. Ni cikin masallaci nika da iko da shi. Bisa kuwa na Sarkin Magina ne, ba mai hawa sai da izninshi."

Sarkin Magina yana gona, ana noman farko. Na bi shi can da keke bayan na rufe ɗakin magani. Ƙaton mutum ne mai kunne ɗaya da ba ya ji, kuma na lura wannan kunnen yake juyo wa mutum in magana ba ta yi masa ba. Na yi masa barka da aiki, na ce liman ne ya turo ni.

Ya dogara da fartanya ya ce, "Ya ba ka labarin malamin nan nashi ko?"

Na ce ya ba ni.

Ya yi dariya. "Alƙalami shina gina soro? Malami ya ja layi, to, mun ji. Wa yat tada ginshiƙi?"

Nan ma aka zaunar da ni, wannan karon ƙarƙashin kalgo. Kakansu ne, in ji shi, magini daga gabas, ya zo fadamar garin neman azara, ya iske mutane suna salla a rumfar kara, ruwa yana dukansu. Ya rantse ba zai koma gida ba sai ya rufa musu asiri. Ya sa aka tara makuba, ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a yi yaɓe da ruwansa, Fulani suka kawo nono aka kwaɓa ƙasa da shi. Ya nuna mini da hannu yadda ake ɗaure azara a tanƙwara ta kaɗan kaɗan, a bari ta bushe, a ƙara, har bakan gizo ya haɗu. Ya ce wanda ya yi gaggawa a wannan aiki shi ake tonowa daga ƙarƙashinsa.

Na ce na gamsu, Allah ya ji ƙan kaka. Indararon fa?

Ya juyo mini da kunnen da ba ya ji. Na zagaya ta ɗaya gefen na maimaita.

Ya ce, "Indararon nan kakanmu yad dasa shi da hannunshi. Inda yab bar shi nan shika zama. In anka juya shi, nauyin ruwa ya koma arewa, bakan gizo ya buɗe, wa ka ɗaukar alhaki? Kai?" Ya ɗauki fartanyarsa, sannan ya ƙara da cewa, "Amma in maigari yac ce a juya, ni mi nawa?"

Zauren maigari a wannan daminar kullum cike yake, domin shi kaɗai ke da rediyo, kuma kowa yana son ya ji inda aka kwana a maganar mulkin kai. Na jira aka gama labarai, aka gama gardamar ko Turawa za su tafi da jirgin ƙasa ko za su bar shi, sannan na matsa na faɗi kukana.

Ya ce, "Gaskiyarka, malam likita. Wallahi gaskiyarka. Baƙo ba ya kwana cikin ruwa garinmu." Zuciyata ta yi sanyi. Sai ya ce, "Amma ka san filin da masallacin ga yake bisa, kakana yab bada shi?"

Nasa labarin bai kai na sauran tsawo ba, Allah ya saka masa. Da ya gama ya ce abu irin wannan ba ya yanke shi shi kaɗai, sai an zauna da liman da Sarkin Magina. A hanyar gida wani maƙwabcina ya gaya mini abin da kowa ya sani ban da ni. Liman da Sarkin Magina sun daɗe ba sa zama tabarma ɗaya, kuma ba wani abu ya raba su ba sai wannan magana ta malami ne ko magini. Ɗaya yana bin ɗaya salla sau biyar a yini, ana sallamewa kowa ya kama ƙofarsa.

Na yi ta zarya tsakanin mutum ukun nan har takalmina ya san hanya. Gero ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Inuwar bangon ta sauko ta bayan tasoshi, wani farin gishiri ya fara fitowa a jikinta. A ƙarshe maigari ya yi dabara ya haɗa su a zaurensa wata ranar Alhamis. Na sa rigata mai kyau na je. Aka buɗe da addu'a. Maigari ya ce an taru ne a kan maganar masallaci, kafin ya kai ga indararo liman ya ce, masallacin da malami ya assasa. Sarkin Magina ya ce, ya assasa ko ya gina? Shi ke nan. Tun hantsi har rana ta karkata ana abu ɗaya. Aka kawo fura aka sha. Aka aika a kira wata tsohuwa da aka ce kakarta ta san zancen, aka dawo aka ce ta tafi biki. Sau da yawa ina buɗe baki, maigari yana yi mini alama da hannu in dakata. Da aka gaji ya ce alhamdu lillahi, yau an fahimci juna, a shafa fatiha. Aka shafa, aka watse. Ba wanda ya ambaci ruwa.

Da na koma gida matata tana goge bayan farantai da tsumma. Ba ta ɗago ba ta ce, "Goben ta yi?"

Na ce ana kan magana.

Ta ce, "Kai ka ba mutanen gari maganin tari, ɗiyarka tana tari cikin ɗakinka. In ba ka iyawa ka sa ni mota in koma Tambuwal, in rani ya yi ka aiko."

Na ce ta kwashe jeren daga bangon nan. Ta ce ta kai shi ina, kan gado ko bakin ƙofa? Kuma ba ita ta zo ta iske indararo ya yi laifi ba balle a ce ita za ta matsa masa.

Sai na yi abin da nake ganin ba ya buƙatar iznin kowa. Na samo wani tsohon kwanon rufi a bayan ɗakin magani, na lanƙwasa shi kamar kwamin shayar da dabbobi, na hau rufin ɗakina na tara shi ƙarƙashin bakin indararon, na danne da duwatsu, ya miƙa ruwan zuwa lungu. Ban taɓa masallaci ko da yatsa ba. Ruwa ya zo washegari ana cikin sallar la'asar, kuma dabarata ta yi aiki, ko ɗigo bai tsaya a kusurwa ba. Sai dai ruwan da ke faɗowa daga sama kan kwano yana da murya. Ina cikin sahu ina jin abin kamar ana kiɗan kalangu a bayanmu. Liman ya yi ta ɗaga kabbara ba a ji, sahun gaba suka yi sujada na baya suna tsaye.

Ana sallamewa duk aka juyo aka dube ni. Ladan, wanda dama bai cika sakar mini fuska ba, ya ce a cire kwanon nan kafin magariba.

Na ce, "Rufina ne fa. Bisa ɗakina na aza shi."

Ya ce, "Rufinka ne. Ruwan kuwa na masallaci ne."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a kan cire kwanon nan liman da Sarkin Magina da maigari bakinsu ya zo ɗaya nan take, ba a kira taro ba, ba a nemi tsohuwa ba. Na cire.

Marka ta kama a tsakiyar damina, yau yayyafi gobe yayyafi, rana ba ta fitowa balle bango ya sha iska. Wata rana da hantsi ina ɗaure wa wani manomi ƙafa, ya sare ta da gatari, sai ga matar maƙwabcina ta shigo ba ko sallama ta ce in zo, bango ya faɗi. Na bar mutumin da bandeji a hannu na ruga. Allah ya kiyaye, matata tana rumfar girki da yarinyar a bayanta. Amma fuskar bangon nan ta ciki, tun daga kusa da rufi har ƙasa, ta ɓalle ta kwanta a kan jere. Tasoshi sun lotse, farantan tangaran sun zama tsakuwa. Matata tana tsaye tana kallonsu, ko kuka ba ta yi, abin da na fi tsoro ke nan.

Da ƙura ta lafa sai na ga abin da ya faɗi ba bangon ba ne, toshi ne da yaɓe. A bayansa akwai wani lungu da ya shige cikin kaurin bangon, tsayin mutum, samansa a tanƙware, gefensa da zanen ƙasa irin na dā, kamar igiya a tufke. A ɗaya gefen akwai 'yar ƙaramar alkuki, samanta baƙi da hayaƙin fitilar da aka kashe tun ba a haifi kakan kowa ba. Ko ni da raina yake a ɓace na san abin da nake kallo. Mihirabi ne, wurin tsayuwar liman, yana fuskantar gabas.

Kafin in yi tunanin abin yi tsakar gidana ta cika. Aka buɗa wa liman hanya. Ya zo bakin ƙofa ya tsaya ya daɗe yana kallo, sai na ga ya sunkuya ya tuɓe takalmansa. Na bayansa suka tuɓe. Aka bar ni ni kaɗai a tsakiyar ɗakina da takalmi a ƙafa, ana dubana, har na tuɓe.

Liman ya shafa gefen mihirabin, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce wannan shi ne masallacin farko, na malami, ƙarami daidai jama'arsa. Da gari ya bunƙasa aka gina babba a gabansa, aka toshe wannan, har aka manta. Sarkin Magina ya kutsa ya bi tanƙwarar da tafin hannu ya ce ko makaho ya taɓa nan ya san hannun kakansu ne. Maigari ya ce duka biyun gaskiya ne, kuma duk cikin filin kakansa ne. Suka fara daga inda suka tsaya ranar Alhamis, a tsaye a kan ɓaraguzan farantan matata. Liman dai ya tuna ya juyo ya ce mata, "Sannu ɗiyata, Allah shi mayar da alheri." Ta ce amin, a irin muryar da ni kaɗai na san fassararta.

Ni a zatona yanzu za a ce ga abin da malam likita ya yi ta faɗa. Abin da aka ce shi ne, ba ya halatta mutum ya kwana da iyali a cikin masallaci. Kafin la'asar an kwashe kayanmu, da hannu bibbiyu kuwa, kowa yana neman lada, aka kai mu wata bukkar ciyawa a bayan rumfar mahauta. Ita ma tana yoyo, sai dai nata yoyon na kowa da kowa ne, ba shi da tarihi. Ƙudaje kuma nan ne fadarsu.

Ladan bai bar ni haka ba. Ya bi gari yana tuna wa mutane cewa a ɗakin nan an ɗaure akuya ranar da aka yi ruwan ƙanƙara, yarinya ta yi abin da yara ke yi, kuma malam likita yana shiga da takalmin asibiti. Liman ya ce babu laifi a kan wanda bai sani ba, kuma baƙin da suka kwana a ɗakin kafin ni sun fi a ƙirga. Duk da haka na yi kwanaki in na wuce majalisa sai hira ta tsaya.

Sannan wata sabuwa ta ɓullo. Mata suka fara zuwa da asuba da 'yan ƙore suna kankarar ƙasar mihirabin, wai tana da albarka. Masu zazzaɓi suka daina zuwa wurina, suna jiƙa ta suna sha. Aka kawo mini wani jariri da ciwon ido, an cusa masa ƙasar a ido, na yi ta wankewa uwar tana cewa in bar kaɗan. Na tafi wurin liman raina a ɓace, na shirya wa labarin malami. Bai ba ni labari ba. Ya tashi a lokacin ya sa aka kulle ƙofar ɗakin, ranar Juma'a kuma ya yi wa'azi mai zafi ya ce wannan bidi'a ce, ƙasa ƙasa ce, mai ciwo ya tafi wurin mai magani. Na gode masa ƙwarai. Na kuma fahimci cewa dattijon nan ya iya gaggawa in ya ga dama.

Da ruwa ya fara ja baya maigari ya sa aka yi shelar gayya, a gyara tsohon ɗakin a haɗa shi da masallaci kafin ranar bikin mulkin kai. Duk namiji mai lafiya ya fito, har da ni, domin an ce ni na fi kowa sanin ɗakin. Aka kwaɓa ƙasa, aka jiƙa makuba, garin ya ɗauki warinta. Aka sa ni cikin masu miƙa curin ƙasa zuwa sama, da haka na samu hawa rufin da aka ce ba a hawa.

Ban zaci abin da zan gani ba. Rufin ba shimfiɗe yake ba, tudu ne da kwari, kowane bakan gizo da ɗan doronsa, an bi tsakaninsu da hanyoyin ruwa kamar kunyoyin gona. Daga can sama kuma ana hango wani dogon tudu da ya kewaye gari daga nesa, ya ratsa cikin gonakin gero, nan ya ɓace can ya fito. Tsohuwar ganuwa ce. Garin da muke ciki bai cika ko kusurwa ɗaya ta abin da ta kewaye ba. Na tsaya da curin ƙasa a hannu ina tunanin yawan mutanen da suka taɓa amsa kiran salla daga wannan matakala, har na ƙasa ya yi mini tsawa in miƙa.

Ina juyowa na ga Sarkin Magina ya durƙusa a kan indararon. Ya girgiza shi, ya zare shi kamar haƙorin da ya daɗe yana motsi, ya sa aka huda ta arewa, ya mayar, ya toshe tsohon gurbin. Rana ba ta kai tsaka ba an gama.

Na matsa ta gefen kunnensa mai ji na ce, "Sarki, ba kai kac ce in anka juya shi bakan gizo na buɗewa ba?"

Ya ce, "Da ɗakin baƙi shika zuba ma ruwa. Yanzu ɗakin Allah ne. Ai ba ɗaya ba."

Na dubi itacen da kyau. Bai yi mini kama da abin da ya ga zamanin sarakunan Kabi ba, har sawun gizago yana nan a jikinsa. Na ce, "Wanga ne kakanku yad dasa?"

Ya ce, "Wanga? Gara ta cinye na da, ni na sa wanga shekarun baya kaɗan. Wurin ne kakanmu yad dasa. Icce ai ba ya tabbata." Ya ci gaba da shafe ƙasa da tafin hannu.

Na sauko, domin abin da ya zo bakina bai dace da rufin masallaci ba.

Ranar biki aka kafa sabuwar tuta a ƙofar maigari, aka yi kiɗa, aka ci tuwo. Da azahar aka buɗe ɗakin aka yi salla a cikinsa. An fasa ƙofa tsakaninsa da babban masallaci, an share, an zuba farin rairayi. Na samu wuri a daidai inda ƙafar gadonmu take. Bayan salla maigari ya miƙe ya ce Allah ya ɓoye wannan wuri shekaru aru aru, bai bayyana shi ba sai a shekarar da ƙasa ta samu kanta, wannan alama ce. Ya yi addu'a ga malami, da magini, da kakansa. Liman da Sarkin Magina suka ce amin, kowanne a inda ya shafe shi.

Matan garin, su kam, ba su manta ba. Bayan biki suka yi ta zuwa bukkarmu ɗaya bayan ɗaya, wannan da ƙwarya, wannan da tukunya, wata tsohuwa da tasa guda da ta ce tun aurenta take ajiye da ita. Matata ta karɓa ta yi godiya, kuma ta yi ƙawaye a cikinsu da suka daɗe suna aiko mata da daddawa. A bukkar muka ƙarasa zamanmu har aka mai da ni Dogon Daji. Can da aka nuna mana gida, kafin ta leƙa ɗaki sai da ta zagaya bayansa ta ga da wa muka haɗa bango.

Na sake komawa garin sau ɗaya, ana gab da raba Jihar Arewa, cikin masu yin lambar rigakafin agana. Liman ya rasu, ƙanensa ke limanci, mutumin da yake karatu a wani gari lokacin da muke can, don haka bai san ni ba. Bayan azahar ya ga ina duban mihirabin, ya ce, "Baƙo, zamna in ba ka labarin wurin ga." Na zauna. Ya kawo malami, ya kawo magini, domin yanzu an sasanta, malami ya ja layi magini ya ɗora. Sannan ya ce a shekarar mulkin kai an yi wani malamin asibiti, bawan Allah mai yawan ibada, wanda aka nuna wa wurin a mafarki. Ya yi ta bin manyan gari yana roƙo a buɗe bangon ba su gane nufinsa ba, har Allah ya aiko ruwa ya buɗe.

Na ce masa ni ne malamin asibitin, kuma ban yi mafarkin komai ba, indararo na je a juya mini.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi murmushi irin na wanda ba ya son ya kunyata baƙo, ya ce, "To, mu dai ba haka anka ba mu shi ba."

Da na koma gida na kwashe duka na gaya wa matata, ina jiran ta taya ni jin haushi. Tana tankaɗe, ba ta tsaya ba. Ta ce in gode wa Allah da abin ya tsaya a mafarki, da cewa suka yi hayaƙin girkinta ne ya kayar da bangon, wa zan kai wa ƙara? Ta miƙo mini autarmu da ke goye, ta ce in riƙe ta tukunya na tafasa.